Rigar sanyin gwanjo da na saya a kasuwar Tudun Wada

Ƙanena da ke karatu a Winifeg ta Kanada ya turo min hasashen yanayinsu: wai iskar Arewacin duniya za ta sauko musu da guguwar ƙanƙara, sanyi ya kai digiri 30 ƙasa da sifili. Na ce masa Allah ya ba da haƙuri, mu nan Gusau hunturun Janairu kaɗai ya ishe mu, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi.

Ni acaɓa nake yi, bayan asuba nake fita, don haka na je wajen wani dattijo mai gwanjo a kasuwar Tudun Wada. Da ya kwance dila, sai ga irin jaket ɗin da ƙanena ke sawa, mai hula da auduga a ciki. Na ce, "Baba, nawa?" Ya ce dubu goma sha biyu, muka tsaya a tara.

Gaskiya rigar ta biya kuɗinta. A hanyar Kauran Namoda iska ba ta ratsa ƙirjina ko kaɗan. Sai dai warin dila, sai da Hajiyarmu ta wanke ta sau biyu ta shanya a rana. Zif ɗin ma ya maƙale a kwana na uku. Na mayar masa, bai yi gardama ba, ya goga masa kyandir ya sake. Amma da hantsi ya yi, dole in cire ta in ɗaure a bayan babur, don zufa take sa ni.