Kwas ɗin taswira da ƙidayar namun daji da na yi a Katsina: abin da na samu da wanda ban samu ba

Tun da na gama kwas ɗin nan na sati takwas mutane ke ta tare ni da tambaya guda, wai ya ci kuɗinshi kuwa, ko irin wanda za a amshe maka kuɗi ne a miƙo maka satifiket mai ƙyalli ka koma gida yadda ka zo. To bari in faɗa sau ɗaya kowa ya ji. Sunan cibiyar ba zan kama ba tunda akwai ƙorafi a maganata, amma cikin garin Katsina take, ɗaki ɗaya ne a saman wani bene, Asabar da Lahadi ake yi daga ƙarfe tara zuwa azahar, kuɗin kuma dubu 60 ne sun yarda a biya sau biyu.

Ni dai fannin gandun daji da namun daji na karanta, na gama bautar ƙasa shekara biyu ke nan ina zaune a shagon POS na yayana wajen Ƙofar Ƙaura. Abin da ya tura ni kwas ɗin shi ne duk tallan aikin da na gani na ƙungiyoyin kare muhalli sai ka ga an rubuta ana son wanda ya iya GIS, wato zana taswira da nazarinta a kwamfuta, ya iya tattara bayanai da waya, in da hali ya san R, manhajar lissafin alƙaluma, mu kuwa a makaranta sunayensu kawai muka kwafa a littafi muka haddace muka zuba a jarabawa, ban taɓa buɗe ko ɗaya a kwamfuta ba har na fito, kuma wallahi abin yana ci mani rai don ina son aikin nan tun ina yaro.

Sati biyun farko KoboToolbox aka koya mana. Wannan kam sai godiya. Manhaja ce da kake tsara fom ɗin tambayoyi a kwamfuta ka sauke shi a waya ka shiga ƙauyen da ko sabis babu ka yi ta cikewa, tana ɗaukar hoto tana ɗaukar lambobin GPS na inda kake tsaye, sai ka dawo gari ka kunna data komai ya hau. Malamin bai tsaya surutu ba, ranar farko ya ce kowa ya tsara fom na ƙidayar itatuwan unguwarsu, suna, kauri, ko an sassare shi, ko akwai sheƙar tsuntsu. Na yi na layinmu na tarar kusan duka bedi ne, tsamiya guda ɗaya tal, kanya da aduwar da muka ci muna yara babu ko kututture. Na san an sare su ai, a gabana aka yi, amma ganin abin a jere cikin tebur daban yake da sanin shi a ka.

Inda kwas ɗin ya biya ni kuɗina shi ne QGIS. Manhajar zana taswira ce, kyauta ce, ba kuɗin lasisi ba komai, kuma hotunan tauraron ɗan adam da ake aiki da su su ma kyauta ne, na Sentinel-2 na Turawan Turai kowane ɗigo a hoton mita 10 ne a ƙasa kuma kusan duk kwana 5 yana sake bi ta kan wuri, na Landsat na Amurka kuwa tun 1972 ake tara su, wato kana iya ganin yadda dajin garinku yake tun kafin a haife ka. Aka koya mana lissafin da ake kira NDVI mai nuna yawan koren ganye a wuri. Ranar da ba zan manta ba ita ce da malam ya haska mana hoton kan iyaka a bango, daga wajen Jibiya zuwa Maraɗi, ya ce ku duba gonakin can ku duba na nan. Gonakin ɓangaren Nijar ɗigo-ɗigon itatuwa ne birjik cikin gero, namu kuwa wurare da yawa fayau. Ajin ya yi tsit. Ya ce ba ruwan sama ne ya fi sauka can ba, su ne ma suka fi mu kusa da hamada, abin da suka yi tun wajen shekarun 1980 shi ne sassabin zamani, manomi in ya zo sharar gona ba ya tumɓuke tohon da ya fito daga tsohon kututture, sai ya zaɓi reshe biyu uku masu ƙarfi ya rage sauran ya bar su su girma, da haka aka farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar ba tare da an dasa ba, kuma yawanci gawo ne, shi da ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana ya kuma ba ƙasa taki. Mutanen nan fa 'yan'uwanmu ne, harshe ɗaya, ƙasa iri ɗaya, wasunmu ma can kakanninsu suke. Da daddare na kasa barci ina ta jan taswirar a laftof ɗin aro ina neman gonar babanmu da ke hanyar Daura, har na gano ta da gawonta guda huɗu.

Fita daji sau ɗaya muka yi, kuma ba daji ba ne sosai, bakin wani dam ne kusa da gari, don kowa ya san halin da ake ciki, Rugu da Ruma da ya kamata a ce nan ɗaliban Katsina ke koyon wannan aiki ba mai iya shiga saboda 'yan bindiga, Allah Ya kawo mana ƙarshen abin. Mun isa da sanyin safiya bayan asuba, madubin hangen nesa guda biyu gare mu mu goma sha huɗu, ana ta miƙa ma juna. Aka nuna mana BirdLasser, manhajar da masu aikin taswirar tsuntsayen Najeriya ke amfani da ita, an yanka ƙasar gida-gida kowane gida kamar kilomita 9 tsawo 9 faɗi, ka shiga gida ɗaya ka yi aƙalla awa biyu kana rubuta duk tsuntsun da ka gani ko ka ji kukanshi. Mun ga kirinjijiya garke guda, zalɓe na tsaye cikin ruwa kamar an dasa shi, belbela, shirwa, cilakowa. Wani dattijo mai kamun kifi yana gyaran koma ya ga muna ta ɗaga kai sama ya ce, "Samari mi kuke nema ne?" Na ce, "Baba tsuntsaye muke ƙidayawa." Ya yi shiru ya ce, "To ɗana in kun ga ungulu ku gaishe ta, na fi shekara goma ban sa ta a ido ba, da kuwa ko akuya ta mutu kafin ka juya sun sauka." Maganar ta tsaya mani, don ni ma na tuna yadda suke cika mahauta muna yara, yanzu ko ɗaya. Malam ya ce tun 2015 aka sa irin ungulun nan tamu ta cikin gari a jerin halittun da ke gab da ƙarewa a duniya, guba na kashe su, masu neman kai da ƙafafunta don tsibbu na saye da tsada, manyan itatuwan da take sheƙa a kai kuma an sare. Ya ce mu rubuta abin da Baba ya faɗa da ranar da wurin, wannan ma bayani ne. A nan na gane aikin namun daji ba sai inda giwa da zaki suke ba.

To yanzu ƙorafi.

R an yi mana shi a guje, sati ɗaya kacal, kwana biyu ke nan. Mutumin da bai taɓa rubuta layi ɗaya na umarnin kwamfuta ba ka ce cikin kwana biyu zai iya, ai ba gaskiya ba ne, kwafa kawai muka yi daga allo, in ka manta waƙafi ɗaya jan rubutu ya fito maka ba ka san mi ya faru ba malam kuma yana can wajen wani. Da sun cire shi gaba ɗaya sun ƙara mana Excel mai zurfi da ya fi, ko su ware mashi kwas nashi daban. Kwamfutocin cibiyar takwas ne, uku a ciki QGIS na buɗewa suke sandarewa, in ba ka da laftof taka mai ɗan ƙarfi za ka sha wuya. Wuta kuma in ta ɗauke sai an jira a tada janareto, ranar wata Lahadi awa ɗaya da rabi muka yi zaune ana neman mai, kuma ba a rama mana lokacin ba. 'Yan mata huɗu ne a ajinmu, ba a tanadar masu wurin alwala da salla ba sai sun sauka maƙwabta, wannan bai dace ba ko kaɗan, kuma ɗaya daga cikinsu ita ta fi kowa iya taswira a ajin.

Amma babban abin da ya ɓata mani rai shi ne satin kuɗin kabon, wato kuɗin da ake biya don rage iskar da ke ɗumama duniya. Baƙo aka gayyato, ya zo da babbar riga da firojekta, awa biyu yana faɗa mana daloli na nan zube Turawa na neman wanda za su ba, kowa ya dasa itace ya zama miloniya. Wani ɗan ajinmu ya ce, "Ranka ya daɗe, to ya ake lissafin, wa ke saye, nawa manomi zai samu?" sai ya ce wannan sai a mataki na gaba, wanda shi ma na kuɗi ne. Sai washegari malaminmu na asali ya zauna ya warware mana da alli. Kiredit ɗaya na kabon tan ɗaya ne na iskar carbon dioxide da aka hana fita ko aka janye daga sama. Kana auna kaurin itace da tef a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, ka ƙiyasta nauyin busasshen itacen, kusan rabin wannan nauyi shi ne kabon, sai ka ninka da 3.67 ya ba ka iskar, wato itacen da busasshen nauyinshi tan ɗaya ne ya riƙe kamar tan 1.8. Amma ba a biyanka don itacen da dama yana nan tsaye haka kawai, sai ka nuna ƙarin da aikinka ya jawo wanda da ba don shi ba ba za a samu ba, sai ka yi rajista da masu tantancewa irin su Verra ko Gold Standard, masu bincike su zo su duba, ka kuma yi alkawarin itatuwan za su tsaya shekaru masu yawa ba a mai da su gawayi ba, duk wannan kuɗi ne mai yawa kafin ka ga sisi, shi ya sa manomi ɗaya ba ya iyawa sai an haɗa dubbai. Ya ce aikin da ke ciki ga irinmu shi ne awo da bibiya da rubuta rahoto, don ba mai sakin kuɗi sai da alƙaluman da za su tsaya a gaban mai bincike. Wannan bayanin na minti arba'in ya fi duk abin da baƙon ya faɗa, kuma ina roƙon ku dan Allah kar wanda ya je ƙauye ya yi ma iyayenmu manoma alkawarin kuɗin iska bai san yadda abin yake ba, amana ce, in ta karye ba za su sake sauraron mai maganar itace ba.

Ba wai babu kuɗi a harkar ba, akwai. Najeriya ta fitar da takardun lamuni na muhalli na naira biliyan 10.69 a 2017, marigayi Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar sauyin yanayi a 2021, ga shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace, na Bankin Duniya, dala miliyan 700 na jihohin Arewa 19 da Abuja, ga hukumar Babbar Koriyar Ganuwa ta dasa itatuwa don tare hamada da aka kafa a 2015 wadda Katsina na cikin jihohi 11 da take aiki. Duk waɗannan suna buƙatar wanda zai ce an dasa kaza, kaza suka rayu bayan rani biyu, ga taswira ga hoto. Wanda kuma zuciyarshi na kan dabbobin ne kai tsaye, ƙungiyar kare namun daji ta WCS na aiki a Yankari inda wasu daga cikin sauran giwayenmu suke, masu gadin daji na sintiri da manhajar SMART suna rubuta abin da suka gani kuma dole wani ya zauna ya fassara abin da suka tattaro, akwai ƙungiyar ANI a gandun dajin Gashaka Gumti, akwai gidauniyar kare muhalli ta Najeriya wato NCF, akwai dausayin Haɗeja da Nguru nan kusa da mu inda tsuntsayen Turai ke sauka lokacin sanyi, mai son ƙarin karatu kuma ga cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI a Jos da ke yin mastas a wannan fanni. Sai dai guraben ba su da yawa, masu nema kuma daga ko'ina suke. A takardar tallan cibiyar an rubuta za su haɗa ɗalibai da masu ɗaukar aiki, har yau wata biyu ba wanda aka kira a cikinmu, da sun cire wannan layin da ya fi masu mutunci don kwas ɗin ba ya buƙatar shi.

In za ka shiga, ka tambaya tukuna ko malamin QGIS ɗin nan ne zai koyar, don shi ne kwas ɗin, ka zo da laftof da filas da za ka kwashe hotunan tauraron don sauke su na cin data ba kaɗan ba, ka kuma sa a ranka R da kanka za ka koya daga baya. In maki zan ba su, bakwai cikin goma.

Satin da ya wuce na je gonar babanmu da tef da waya na auna gawon nan huɗu na sa su a fom, na kuma bi kunya-kunya na ƙidaya tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture, kalgo da sabara da magarya da ƙananan gawo. Ƙanin babanmu da ke noma ta ya ce, "Kai kuma waɗannan ai sharewa za mu yi kafin ruwa ya sauka." Na ce, "Baba dan Allah a bar mani guda ashirin bana, ni zan riƙa zuwa ina rage masu reshe." Ya daɗe yana kallon gonar sannan ya ce in ɗaura masu jan ƙyalle don kar yara su sare. Na ɗaura ma goma sha bakwai kafin magariba ta yi, sauran ukun sai ranar Juma'a in Allah Ya kai mu.