Safar hannu ta naitiril marar hoda: ta cancanci ƙarin kuɗinta

Safar hannun da aka fi sabawa da ita a asibitocinmu ta leteks ce, wato wadda ake yi da ƙaron itacen roba, kuma a cikin ƙaron nan akwai sinadaran furotin da jikin wasu mutane ba ya jituwa da su. Ga mai wannan larura, mintoci kaɗan bayan ya sa safar sai borin jini ya feso masa, idanu su yi ja, atishawa ta sarƙe shi, wani lokaci ma numfashi ya ɗauke har sai an yi gaggawar yi masa allurar adirenalin. Ita kuwa naitiril roba ce ta haɗi da ake sarrafawa a masana'anta, babu wannan furotin a cikinta, kuma wannan ne ya sa muka koma amfani da ita a ɗakin da nake aikin jinya.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne rashin hodar. Hodar da ake barbaɗawa a cikin safar leteks sitacin masara ce, tana kwasar furotin ɗin, kuma da zarar an fizge safar daga hannu sai ta tashi a iska, kowa a ɗakin ya shaƙa, har da majinyacin da ba a taɓa ba. Saboda irin wannan haɗari hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta haramta safar asibiti mai hoda tun daga Janairun 2017. Don haka a ganina ware wa ma'aikaciya ɗaya mai wannan larura kwalinta na naitiril alhali abokan aikinta suna ci gaba da amfani da mai hoda ba ya kare ta. Ɗakin gaba ɗaya ya kamata a sauya wa.

Wajen aiki naitiril tana da ƙarfi, kuma idan allura ta huda ta sai ta yage a fili, mutum ya gani ya canza. Sai dai ba ta kai leteks taushi da miƙewa ba. Idan ana laluben jijiya a hannun jariri don sa ruwa, dole a zaɓi wadda ta yi wa yatsu cif, domin mai yalwa tana tattarewa a kan yatsa ta dushe ji. A lokacin zafi kuma, hannu mai gumi yana wahalar shiga cikinta, sai an tsane shi sosai bayan wankewa.

Kada a ɗauka ta kawar da kowane ƙaiƙayi. Wasu ƙurajen da ke fitowa bayan kwana ɗaya ko biyu daga sinadaran da ake ƙarfafa roba da su suke zuwa, kuma ana samun su a yawancin naitiril ma. Mai irin wannan ya nemi wadda aka yi ba tare da su ba, ya kuma ga likitan fata. Haka nan leteks yana nan a wasu robobin fitsari da robar ɗaure hannu wajen ɗibar jini, saboda haka a riƙa tambayar majinyaci ko jikinsa yana jituwa da leteks kafin tiyata, musamman wanda aka sha yi wa aiki, ko wanda ayaba ko piya ke sa wa bakinsa ƙaiƙayi.

Kwali mai guda 100 ya fi na leteks tsada, amma ina ba masu sayen kayan asibiti shawarar su fara da ɗakin tiyata da ɗakin haihuwa, inda ake canza safa ba adadi.