Hudson ko JAM ga mai layi biyu a RemoteAccess

Ƙanena, ka tambaye ni wanne za ka zaɓa tsakanin Hudson da JAM, tsarin ajiye saƙonni guda biyu. Tunda layukan waya biyu za ka ɗora wa RemoteAccess, manhajar BBS (dandalin saƙonni da ake kira ta modem), a ƙarƙashin DESQview mai tafiyar da manhajojin DOS da yawa lokaci guda, JAM za ka ɗauka a matsayin rumbun saƙonninka. Na riƙe dukkansu biyun, kuma ɗaya ne kawai ya bar ni na yi barci.

Hudson yana da sauri a tsohuwar kwamfuta, wannan ba zan hana shi ba. Daga nan kuma yabo ya ƙare. Duk zaurukan hirarka a cikin fayil biyar yake cusa su, ba ya wuce zaure 200, kuma MSGTXT.BBS da ke riƙe da rubutun ba ya haura megabait 16. In abu ya taɓa ɗaya, ya taɓa kowa. Ni da shi na fara. Wata rana da daddare saƙonnin FidoNet, hanyar da dandalolin BBS ke musayar saƙo a tsakaninsu, suka shigo ta layuka biyun kusan lokaci guda, kowane layi ya tayar da manhajar rarraba saƙo, ga shi na manta ban loda SHARE.EXE ba, wato manhajar DOS da ke ba da damar kulle fayil don kada biyu su rubuta a wuri ɗaya lokaci guda. Da gari ya waye, sai ka buɗe saƙo ka ga kan na wani, gangar jikin na wani. Hirar wata uku ta tafi a dare ɗaya. Har yau in na tuna sai raina ya sosu, don amanar mutane ce.

JAM ya fito a 1993, kuma Andrew Milner, mai RemoteAccess, da Joaquim Homrighausen, mai FrontDoor (manhajar karɓa da aika saƙonnin FidoNet), suna cikin mutum huɗun da suka tsara shi. Wato waɗanda suka san ciwon layi da yawa ne suka zauna a kansa. Kowane zaure da fayilolinsa huɗu: JHR na kanun saƙo, JDT na rubutu, JDX na fihirisa, sai JLR mai tuna inda kowa ya tsaya da karatu. In za a rubuta a zaure, shi kaɗai ake kullewa, sauran suna buɗe.

Daren da na gama komawa JAM, ban kwanta ba. Wani dattijo da ke kira kullum bayan isha'i yana layi na biyu yana rubuta doguwar amsa, da yatsa ɗaya kamar yadda ya saba, harafi na bin harafi a allo. Sai ga fitilun modem na layin farko sun kama ƙyaftawa, kunshin saƙo ya sauka. Na danna Alt na leƙa ɗaya tagar, FastEcho, manhajar rarraba saƙo, na zuba saƙonni zaure bayan zaure. Na dawo wurin dattijo gabana na faɗuwa. Ya adana rubutunsa lafiya lau, ya yi sallama ya ajiye waya, bai ma san an yi wani abu ba. Shayina ya huce a gefe ban sha ba, amma na yi hamdala.

Sai dai JAM kaɗai ba zai raba maka gardamar layuka ba. Kada ka bar kowane layi ya rarraba saƙo da kansa. In FrontDoor ya fita da lambar da ke nuna saƙo ya iso, abin da fayil ɗin BAT (jerin umarnin DOS) na wannan layin zai yi kawai shi ne ya ajiye wani fayil fanko a matsayin alama, ya koma jiran kira. Ka buɗe taga ta uku a DESQview wadda ba ta da aiki sai duba alamar nan. In ta gan ta, ta fara goge ta tukuna, sannan ta kira FastEcho. Ka kula da jerin nan sosai: in ka bar gogewar sai ƙarshe, saƙon da ya shigo ana tsakiyar aiki za a share alamarsa, ya kwana a ajiye ba wanda ya taɓa shi. In an gama, a ajiye fayil ɗin alama mai suna FDRESCAN.NOW domin layukan su sake duba abin da za su aika. SHARE.EXE kuwa ka sa shi a AUTOEXEC.BAT tun yau, kafin DESQview ya tashi.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayar da tsoffin kaya a intanet. Akwai wanda ya taɓa sayar mini da katin siriyal, wanda ake jona modem da shi, ya rantse guntun (chip) da ke kansa 16550 ne, ashe 16450 ne, wanda ba shi da ma'ajiyar bait 16 da 16550 ke tara haruffa a ciki kafin kwamfuta ta karanta su. Da layuka biyu suka haɗu, sai haruffa suka dinga zubewa, na yi mako biyu ina zargin layin waya. Ka ce a turo maka hoton guntun da lambarsa ta fito sarai kafin ka tura ko sisi. Haka modem: in na ciki ne mai dogaro da Windows, ba zai yi maka aiki a DOS ba ko me mai shi ya faɗa. Nemi na waje mai akwati da fitilu, irin Courier na USRobotics, guda biyu iri ɗaya in aljihu ya yarda.