Eriyar da ke kan rufi ita ke riƙe da agogonmu

Aikina kula da agogon da na'urorin sadarwa ke bi, wato na'urar da ke karɓar lokaci daga taurarin ɗan'adam ta rarraba wa sauran kwamfutoci ta NTP da PTP, hanyoyin da kwamfutoci ke bi su daidaita lokacinsu. Wata goma sha huɗu ke nan da sauya eriyar da ke ciyar da ita, kuma na ga abin da ya isa in yi bayani a kai.

Da farko da irin 'yar ƙaramar eriyar nan mai maganaɗisu muka fara, wadda ake mannawa a rufin mota. Tana kama taurari, fitilar na'ura tana nuna kore, kowa ya ɗauka lafiya lau. Amma in ka zauna ka duba jadawalin bugun da na'urar ke fitarwa sau ɗaya kowace daƙiƙa, sai ka ga layin yana rawa, wani lokaci ya yi tsalle ba gaira ba dalili. Wanda ke neman hanya a gari bai damu da kuskuren mita uku ba. Mu kuwa mita uku nanosakan goma ne (nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na daƙiƙa), domin sigina, kamar haske, tana cin kusan santimita 30 a nanosakan ɗaya, kuma da wannan ma'aunin ake yi mana hisabi.

Wadda na saya mai tsinin kai ce kamar hular kwano, an ƙera ta musamman don a kafa ta wuri ɗaya a bar ta shekaru. Tsinin yana da dalili: ruwa ba ya kwanciya a kai, tsuntsu ma ba ya samun wurin sauka. A cikinta akwai amfilifaya, wato na'urar ƙara wa sigina ƙarfi, mai ƙarin dB 40 (dB ma'aunin ƙaruwa ko raguwar ƙarfin sigina ne), tana shan wuta bolt 5 ta cikin kebul ɗin da ke sauko da sigina, ba sai an ja mata wata waya daban ba. Tana kama zango biyu na rediyo, L1 a MHz 1575.42 da L5 a MHz 1176.45, saboda haka siginar taurarin GPS da ta Galileo, takwaransa na Turai, duk suna shigowa ta zango biyun.

Abin da ya sa na zaɓe ta, kuma har yau nake ganin shi ne ya fi komai muhimmanci, filtar da aka sa gaban amfilifayar ce, wato matatar da ke tace sigina. Siginar tauraron GPS tana tasowa daga nisan kilomita wajen 20,200, kafin ta iso ƙasa ta yi rauni har ta nutse ƙarƙashin hayaniyar da na'ura kanta ke yi. To a rufinmu akwai wasu eriyoyi masu watsawa da ƙarfi, taku kaɗan daga inda muka kafa tamu. Idan amfilifaya ce ta fara karɓar duk abin da ya zo, sai ta ƙoshi da hayaniyar maƙwabta ta toshe, filtar da ke bayanta kuma ba ta da abin da za ta gyara. Idan filta ce a gaba, tana tankaɗe tarkacen kamar rariya tun kafin a ƙara masa ƙarfi. Ba kyauta ba ce, gaskiya: filtar tana cin ɗan abu daga siginar, na kuma ga ƙarfin taurarin ya sauka da ɗan kaɗan a allo. Amma tsalle-tsallen nan da ke hana ni barci sun tafi tun makon farko, ba su dawo ba.

Zango biyun ya fi nuna amfaninsa da yamma. Akwai wani sashe na sararin sama mai cike da cajin lantarki da ke jinkirta sigina, kuma jinkirin yana sauyawa tsakanin rana da dare. Na'ura mai zango ɗaya ƙiyasi take yi. Mai zango biyu tana gwada yadda kowanne ya makara, ta cire mafi yawan kuskuren da kanta, domin jinkirin ya danganta da zangon da siginar ke bi. Kumburin da nake gani a jadawali kullum ya lafa sosai. Sai dai a tabbata na'urar karɓar ita ma tana jin L5, in ba haka ba an sayi abin da ba za a mora ba.

A kan kebul na fi ɓata lokaci, kuma nan ne nake so masu shirin saye su tsaya su yi lissafi. Daga rufi zuwa ɗakin na'urori mita 60 ne. Siririn kebul irin RG-58 a zangon L1 yana zubar da fiye da rabin dB a kowace mita, wato kafin sigina ta sauko kusan duk ƙarin da eriya ta yi ya tsiyaye a hanya. Na sa LMR-400, wanda asararsa a wannan tsawon ba ta wuce dB 10 da 'yan kai ba. Da na'urar kare tsawa da mahaɗai, abin da ya isa ƙasa ya zauna daidai tsakiyar abin da littafin na'urarmu ya nema. Da kebul ɗin gajere ne, dB 40 ya yi yawa, zai iya cika na'urar har ta rikice. Babbar lamba a jikin kwali ba ita ce alheri ba, tsawon kebul ne ke faɗin nawa ake buƙata.

Sannan kebul yana da nasa jinkirin. A LMR-400 kusan nanosakan 4 ne a kowace mita, mita 60 ɗinmu sun ba da wajen 235. Ƙa'idar G.8272 ta ITU-T, sashen hukumar sadarwa ta duniya mai tsara ƙa'idoji, ta yarda agogon tushe irin namu ya kauce da nanosakan 100 kawai a aji na A, 40 a aji na B. Ka ga ke nan wanda bai auna kebul ya shigar da lambar a na'ura ba ya riga ya faɗi, kuma ba ƙararrawar da za ta yi kuka, domin agogon zai tsaya cak a kan kuskurensa.

A nan ne ƙorafina na farko yake. Takardar da ta zo da eriyar ba ta faɗi jinkirin da ke cikin ita kanta eriyar ba, alhali filta da amfilifaya suna ƙara nasu. Sai da na rubuta na tambaya, na jira kwanaki. Kayan da aka yi don lokaci bai kamata ya zo babu wannan lambar ba. Na biyu, kusoshin maƙalinta sun fara tsatsa kafin shekara, na canza su da na ƙarfe marar tsatsa. Jikinta kuwa bai dushe ba, bai tsage ba. Da na kwance tef ɗin roba da na naɗe mahaɗin da shi don in duba, cikinsa a bushe yake tas, zaren yana ƙyalli.

Wurin kafawa na canza sau ɗaya. Da farko tana kusa da bangon ɗakin injin sanyaya, siginar da ta daki bangon ta dawo tana isowa a makare tana ruɗa lissafi. Na ɗaga ta kan sanda sama da bangon, amma ƙasa da tsinin sandar tsawa, na sa na'urar ta yi watsi da taurarin da ke ƙasa da digiri 15 daga gefen sama. Bayan haka na bar ta awa 24 tana auna matsayinta, na kulle shi. Duk wanda ya matsar da eriya ko da taku ɗaya ne, sai ya sake wannan awon daga farko.

Zan sake sayen irinta idan aka ba ni wani rufin mai cunkoson eriyoyi da dogon kebul. Idan kuwa rufin fili ne, kebul bai wuce mita goma ba, kuma kuskuren mikrosakan ɗaya (nanosakan dubu) ba ya cutar da aikin, mai zango ɗaya da ƙarin dB 26 zuwa 30 ta wadatar, muddin tana da filta kuma an shigar da jinkirin kebul.