Ɓera mai rai ko daskararre: wanne ya dace da 'yar mesa?

Masu kiwon ƙaramar mesa mai dunƙulewa a nan Kaduna sun sha tambayata wanne ya kamata su ba 'ya'yanta, musamman idan suka ƙi cin abinci.

Ɓera mai rai ya fi jan hankalinta, domin tana gane abinci ta motsi da ɗumin jiki, ta ƙananan ramukan da ke leɓenta. Sai dai hatsarinsa babba ne. Ɓeran da aka bari tare da ita ba tare da sa ido ba yana iya cizonta har ya ji mata mummunan rauni, kuma wannan ne ya fi damuna. Ɓeran gida kuwa kada a kusance shi, don ƙila ya ci guba.

Daskararre ba ya cizo, kuma ana iya sayen da yawa a adana, amma yana buƙatar firiza, ga kuma halin wutar lantarki. Dole a narkar da shi sarai, a ɗumama shi da ruwan ɗumi, a miƙa mata da hantsaki.

Ko wanne aka zaɓa, sau ɗaya cikin kwana 5 zuwa 7 ya isa, kuma kada kaurinsa ya wuce na tsakiyar jikinta. Lokacin hunturu a fara duba ɗumin akwatinta, domin sanyi kan hana ta ci.

Daskararre ya dace da mai tsayayyar wuta ko sola. Mai rai kuma ya dace da wanda mesarsa ta ƙi daskararre, muddin zai tsaya a kanta har ta kama.