Kamfanin aika kaya da ya raba ni da zaryar tasha

Tun lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, wanda ya tilasta wa ƙananan 'yan kasuwar Sakkwato karɓar kuɗi ta waya, nake tallata jakunkuna da takalman da dukawan unguwar Madunka suke ɗinka mini a WhatsApp da Instagram. Samun mai saye bai taɓa yi mini wuya ba, domin fatar jar akuyar Sakkwato ta riga ta yi suna. Inda gizo yake saƙa shi ne amana: mutumin Ibadan yana tsoron tura kuɗi ga wanda bai taɓa gani ba, ni kuma ba na yarda in saki kaya kafin kuɗi su shiga asusuna.

Wannan ƙulli ne wani ƙaramin kamfanin aika kaya da ke cikin gari ya warware mini. Yaronsu yakan zo shago a kan babur, ya auna kaya a gabana, ya ɗauki hotonsu kafin a naɗe, sannan ya ba ni rasit mai lamba. Mai saye ba ya biya sai ya buɗe ƙunshin ya duba ɗinkin da idonsa, kuma kuɗina sukan iso washegari. Duk wanda ya taɓa damƙa wa direba kaya a tasha, ya kwana yana kiran lambar da ba ta shiga, ya san darajar wannan tsari.

Sai dai kuɗin aike ya yi nauyi tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, har yakan kusa cinye ribar takalmi ƙafa ɗaya, kuma ba su kai kaya Illela ko Goronyo. Abin da ya fi damuna shi ne manhajarsu, wadda babu Hausa a cikinta. Dattijon badukun da nake saro kaya a wurinsa ya juya wayata sau biyu, ya miƙo mini, ya ce, "Ɗana, wannan sai ku 'yan boko." Gwani irinsa bai kamata Turanci ya tsare masa ƙofar kasuwa ba, kuma na faɗa wa manajansu haka baki da baki. Duk da haka, su nake ba kayana, su kuma nake nuna wa maƙwabtana na layinmu.