Wane tsarin gyaran aiki za ka zaɓa wa sashen kanjamau na asibitinku?

Idan kai ke riƙe da ƙaramin asibiti, kuma ƙungiya mai tallafi ta ce ka zaɓi tsarin inganta kula da masu ɗauke da HIV, kafin ka sa hannu ka tambayi kanka: ranar da masu tallafin suka naɗe tabarmarsu, aikin zai ci gaba? Tun Janairun 2025, da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje har abin ya taɓa PEPFAR, shirinta na yaƙi da kanjamau a duniya, babu mai ɗaukar wannan tambaya da wasa.

Tsarin 5S da ya fito daga Japan zai kintsa maka sito da ɗakin fayil, amma ba ya dawo da wanda ya daina zuwa karɓar magani. SLMTA, tsarin horarwa da ake auna ci gabansa da taurari har biyar, na ɗakin gwaje-gwaje ne kawai. SafeCare awo ne na asibiti gaba ɗaya, ya fi dacewa da mai kuɗin biyan masu awon. Tsarin tara asibitoci su koyi da juna, wanda IHI, wata cibiyar inganta kiwon lafiya ta Amurka, ta yaɗa, yana da amfani sosai, sai dai otal da man mota ke cinye kuɗinsa.

Ni nawa zaɓin shi ne PDSA: ku tsara, ku gwada, ku duba, ku gyara. Mutum huɗu sun isa, wato nas, mai ba da magani, mai rajista, da mutum guda daga ƙungiyar masu ɗauke da cutar. Kada a bar na ƙarshen nan, domin shi ya san abin da ke hana mutane zuwa. Ku ɗauki matsala guda tak, misali waɗanda suka wuce ranar karɓar magani da kwana 28, ku gwada ƙaramin gyara na mako biyu. Mafi arha da na sani shi ne a kira lambar wayar majinyaci yana zaune gabanka, a ji ko za ta yi ƙara. Nan za ka gane nawa ne suka ba da lambar ƙarya don tsoron tsangwama, da matan da wayar ta maigida ce alhali bai san halin da ake ciki ba. Irin waɗannan sai a nemi wata hanyar da ba za ta tona musu asiri ba.

Da wannan ya zauna, ku koma kan sakamakon gwajin yawan ƙwayar cuta a jini. Sau da yawa yana dawowa ya kwanta a ambulan ba a sa shi a fayil ba, ga shi wanda nasa ya haura 1,000 a kowace mililita ta jini yana buƙatar zama na musamman kan shan magani da sake gwaji bayan wata uku. Manomin da damina ke hana shi zuwa, in jikinsa ya daidaita, a haɗa masa maganin wata uku ko shida. Kwali da alƙalamin maka sun isa a zana ci gaban kowane mako a bango.

Babban abin tsoro a harkar nan shi ne alƙaluman bogi. Na taɓa ganin katin da aka rubuta mai shi ya karɓi magani, alhali an yi sadakar bakwai ɗinsa tuni. An cike shi ne ana gobe baƙi za su zo duba aiki. Wannan ya fi rashin rubutu muni, domin wanda takarda ta ce yana zuwa, babu mai fita nemansa, ko da yana kwance a gida. Duk mai tallata maka tsari da zanen da kullum sama yake yi, ba ya taɓa sauka ko a lokacin yajin aiki ko yankewar magani, ka yi hattara da shi. Zaro kati goma ba tare da zaɓe ba, ka gwada su da rajistar ɗakin magani, sannan ka ƙirga kwalaben TLD, wato maganin HIV da ake ba su, da suka rage a kanta.

Haka nan masu sayar da bita. Kwana uku a otal, alawus, takardar shaida, shi ke nan ba ka sake ganinsu. Akwai kuma masu manhajar da ba ta motsi sai da intanet da wuta, a garin da ake wuni babu ko ɗaya. Ka sa a rubuta a yarjejeniya sau nawa mai horarwa zai zo asibitinku da ƙafarsa ya zauna da ku a kan fayil. In ya ƙi a rubuta, kada ka biya.